Araha Ba Ta Ado? Tambaya Daga Wani Asibiti a Ƙasar Indiya

Hausawa suna da karin magana biyu da ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Ɗaya ta ce araha ba ta ado, ɗayar kuwa ta ce da babu gara ba daɗi. A kasuwar tufafi saɓanin nan ba ya hana kowa barci, gama wanda ya sayi riga mai araha ta yage, ya sani kuɗinsa ne kaɗai ya tafi. Amma sa'ad da abin saye ya zama magani, mai saye kuwa talaka ne da ciwon daji a cikin bakinsa, dole a zauna a raba gardama tsakanin karin maganar nan biyu. Daidai ne a ƙera wa matalauta kayan jinya na dabam, masu araha, waɗanda ba su ne ake amfani da su a manyan asibitocin masu hali ba? Ko kuwa yin haka wata hanya ce ta cewa ran talaka bai kai a kashe masa abin da ake kashe wa na mai kuɗi ba?

Wurin da tambayar ta fi fitowa fili shi ne ƙasar Indiya. Bisa ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, a shekarar 2022 mutane kusan 390,000 suka kamu da ciwon dajin baki da leɓe a duniya duka, sama da 140,000 daga cikinsu kuwa a Indiya suke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen ƙasar da yawa suna tauna wani ɗan itace dangin kwakwa da ake kira areka, a naɗe cikin ganye tare da farar ƙasa, sau da yawa kuma da taba. Akwai kuma haɗin da ake sayarwa cikin 'yan ledoji, wanda suke kira gutka, mai arahar da ko ɗan makaranta yana iya saye. Mutum yakan cusa shi a kunci ya bar shi nan yana aikinsa, shekara da shekaru a wuri ɗaya. A 2004 hukumar nan ta wallafa cewa areka, ko ba taba a ciki, yana jawo ciwon daji. Daga 2012 jihohin Indiya suka shiga hana sayar da gutka, sai masu yin sa suka koma sayar da tabar dabam, sauran haɗin dabam, mai saye ya gauraya da kansa. (Areka ba goro ba ne, kada a rikita su. Amma tabar da wasu ke cusawa a leɓe ko a dasashi a ƙasar Hausa da kewayenta, 'yar gida ɗaya ce da tabar da ke cikin gutka.)

Maganin da aka saba da shi shi ne tiyata, wani lokaci a bi ta da gashi da na'ura. Idan ciwon ya yi nisa, likita yakan yanke wani sashe na kunci, ko na harshe, ko na muƙamuƙi. Mutum yakan rayu, amma cin abinci da magana da kamannin fuska sukan sāke. Ga kuma nisa. Ɗan ƙwadago daga ƙauyen jihar Uttar Pradesh wanda aka tura babban asibitin ciwon daji na Tata a birnin Mumbai, tafiyar sama da kilomita dubu ke gabansa, da kuɗin jirgin ƙasa, da wanda zai raka shi, da makonnin da ba wanda zai kawo abinci gida. An sha nuna majinyata da danginsu suna kwana a gefen titi kusa da asibitin suna jiran layi. Ba abin mamaki ba ne da yawancin masu ciwon nan a Indiya ba sa zuwa gaban likita sai abin ya riga ya bazu.

Jinya da haske ba sabon abu ba ne. A shekarar 1900, a birnin Munik na Jamus, wani ɗalibin likita mai suna Oscar Raab ya lura cewa wani rini da ya zuba wa ƙananan halittun ruwa ba ya kashe su sosai cikin duhu, amma da haske ya sauka a kansu sai su mutu. A 1913 wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar wani sinadari da aka samo daga jini, ya fita rana, fuskarsa da hannunsa suka kumbura, ya kuma daɗe ba ya iya jure hasken rana. Sai a shekarun 1970 Thomas Dougherty, a birnin Buffalo na Amurka, ya mai da abin hanyar jinyar ciwon daji, a 1993 kuma ƙasar Kanada ta fara ba da izinin maganin da ya fito daga aikinsa. Sai dai hanyar ta zauna a hannun asibitocin da ke iya sayen na'urar lesa mai tsada, masu wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa.

Yadda abin ke aiki yana da ban sha'awa. Ana ba majinyaci wani sinadari da ake kira ALA ya sha. Jikin mutum ya riga ya san shi, gama da shi yake fara gina abin da ke ba jini launinsa ja. A kan hanyar ginin nan akan sami wani sinadari na tsakiya, furotofofirin, wanda ƙwayoyin ciwon daji sukan tara fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Furotofofirin yana da halaye biyu. Idan aka haska shi da jan haske, yakan miƙa ƙarfin hasken ga iskar oksijin da ke cikin tsoka, ta zama dafi mai kashe ƙwayar da take ciki, ba tare da ta yi nisa ba. Idan kuwa aka haska shi da haske mai launin shunayya, sai ya yi ƙyalli ja. Wato abu ɗaya ne ke kashe ciwon, shi ne kuma ke tona asirin inda ciwon yake. Majinyaci yakan kauce wa rana kwana ɗaya ko biyu, daga nan sinadarin ya fita daga jikinsa.

A kan halayen nan biyu masana daga birnin Boston, ƙarƙashin Farfesa Tayyaba Hasan ta asibitin Massachusetts da makarantar likitoci ta Harvard, tare da Jonathan Celli na Jami'ar Massachusetts, suka gina aikinsu da likitocin kwalejin likitanci ta Jawaharlal Nehru a Jami'ar Aligarh, wadda ba ta kai kilomita 150 daga Delhi ba. A maimakon lesa suka sa irin fitilar da ke cikin tocilan zamani, mai ba da jan haske, mai aiki da batir, a cikin akwatin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Siririyar igiya mai ɗaukar haske ke kai shi cikin baki. An kuma ƙera 'yan marika da majinyaci zai ciza domin hasken ya tsaya daidai kan ciwon, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, gama areka yakan sandarar da fatar cikin baki har mutum ya kāsa buɗe shi sosai. Sashe na biyu shi ne ido: wayar salula, da aka ɗaura wa zoben 'yan fitilu masu launin shunayya da matatar haske a gaban kyamararta. Kafin jinya, hoton yakan nuna faɗin wurin da ke ƙyalli, domin a san girman da'irar da za a haska. Bayan jinya a sāke ɗauka. Jan haske yakan cinye furotofofirin yayin da yake aiki, saboda haka inda ƙyallin ya dushe haske ya kai, inda kuwa ya rage, akwai wurin da aka tsallake.

A rahoton da suka fitar a 2022, sun yi wa mutane kimanin talatin jinya, dukansu masu ciwon da bai wuce santimita biyu ba, bai kuma kai ga kaluluwar wuya ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu na ciwukan suka tafi sarai, wurin ya warke ba tare da an yanke kome daga fuska ba. Sauran kashi ɗaya bai tafi ba.

A nan gardamar take. Mai cewa araha ba ta ado zai kama wannan kashi ɗaya ya ce, "Ga shi nan. Tiyata ga ƙaramin ciwo irin wannan hanya ce da aka daɗe da tabbatarwa. Ɗan minista ba zai yarda a gwada masa tocila da wayar salula ba. Me ya sa za a gwada wa mai tura amalanke?" Ba a kuwa raina zarginsa, gama tarihi yana bayansa. A 1994 an tabbatar a Amurka da Faransa cewa maganin AZT, in an ba mace mai ciki na tsawon watanni, yana rage yaɗuwar ƙwayar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Kuɗinsa ya kai wajen dala 800, abin da ƙasashe matalauta ba su iya biya. Sai aka shiga gwada gajeriyar hanya mai araha a Afirka da Tailan, wasu matan kuwa aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta domin a kwatanta. A 1997 likitoci biyu, Peter Lurie da Sidney Wolfe, suka tsaya a kan cewa ba za a taɓa yarda da irin wannan gwaji a Amurka ba, don haka bai kamata a yi shi a ko'ina ba. Da sakamakon Tailan ya fito a 1998, gajeriyar hanyar ta rage yaɗuwar da kusan rabi, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ta fi rauni, ta kuma ceci jarirai masu yawa waɗanda da ba za su sami kome ba. Har wa yau masana ba su gama sasantawa a kan ko an yi daidai ba.

Mai cewa da babu gara ba daɗi shi ma yana da shaidarsa, daga Indiya ɗin ma. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladesh, cutar amai da gudawa ta faɗa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya kuwa ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin ruwa a manyan duro, dangi suka riƙa shayar da marasa lafiyarsu. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ruwan gishiri da sukarin da kowace uwa ta sani a yau, da fari an ɗauke shi maganin rashin abin yi. Daga baya aka gane cewa ga yawancin masu gudawa shi ne ma ya fi dacewa, ko a gidan mai kuɗi. Ba duk tsada ce ke nuna inganci ba. Wani lokaci kuɗin na gini ne, da na suna, da na na'urar da aka ƙera domin ayyuka goma alhali ɗaya ake bukata. Jan hasken tocila da jan hasken lesa, in tsawon zangonsu da ƙarfinsu ɗaya ne, furotofofirin ba ya tambayar wanda ya fi tsada.

To, tun da araha takan zama alheri takan kuma zama cuta, farashi ba zai iya raba gardamar ba. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 25, ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami. Abin lura shi ne, ba ta hana a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi rabin mudu ba. Kowace kasuwa tana da mudu da rabinsa, ba kuwa wanda ya taɓa kiran wannan zalunci. Abin ƙyama shi ne mudun da aka buga gindinsa ya shige ciki, ana auna wa mutum da shi ana ce masa cikakke ne. Haka yake ga jinya. Maganin da ke warkar da uku cikin huɗu, in an faɗa wa majinyaci haka, aka kuma san yadda za a gane na huɗun da wuri, ma'auni ne na gaskiya. Wannan magani ɗin dai, in an sallami kowa da kowa da albishir cewa ya warke, ya zama algus.

Saboda haka ƙaramar kyamarar nan ta fi fitilar nauyi a wajen shari'ar lamiri, ko da yake fitilar ce ke kashe ciwon. Fitila ba tare da ido ba harbi ne cikin duhu. Za a haska, wurin ya yi gyambo ya warke, majinyaci ya yi godiya ya koma ƙauye, alhali gefen ciwon da haske bai taɓa ba yana nan yana cin gaba. Ba wanda zai sani sai bayan watanni, sa'ad da kaluluwa ta fito a wuya. Kuma ba wanda zai tuhumi kowa, gama talakan da ya mutu a ƙauye ba ya shigar da ƙara. Babban asibiti yana da hanyoyi da yawa na kama kuskurensa: likitoci masu duba aikin juna, na'urorin hoto, majinyata masu ilimi da ke yin tambaya. Ƙaramin ɗakin shan magani ba shi da ko ɗaya. Hoton da ke cikin wayar shi ne ya zama mai shaida a wurin. Ana iya ajiye shi, a aika wa ƙwararre a birni, a kwatanta shi da na wata mai zuwa. Wanda ya rage kuɗin jinya ta wurin cire na'urar lesa ya yi hikima. Wanda ya rage ta wurin cire abin da ke nuna ko jinyar ta ci, ya buga gindin mudu.

Amma fa ita ma kyamarar tana da iyaka, ba kuwa ƙarama ba. Fuskar ciwo take gani, ba zurfinsa ba. Jan haske ba ya ratsa tsoka fiye da 'yan milimita, saboda haka ciwon da ya yi saiwa ƙasa zai iya dushewa a hoto sarai, gindinsa yana nan da rai. Wasu ƙwayoyin cuta na cikin baki su ma sukan yi jan ƙyalli, kumburin da ba ciwon daji ba ma yakan tara sinadarin. Don haka hoto ba ya maye gurbin yanko ɗan tsoka a duba a madubin likita, kafin jinya da bayanta. Gwajin Aligarh kuma na mutane kaɗan ne, ba a kuwa raba su biyu an kwatanta haske da tiyata ba. Likitocin ciwon daji sukan jira shekara biyar kafin su saki jiki da kalmar warkewa. Abin da ke sa a iya karɓar kashi ɗaya cikin huɗun nan shi ne, jinya da haske ba ta rufe ƙofar tiyata: wanda ciwonsa bai tafi ba ana iya yi masa aiki daga baya. Sai dai wannan ta'aziyya tana da ma'ana ne kawai idan akwai likitan tiyata a ƙarshen hanya, akwai kuma abin da zai kai mutum wurinsa.

A nan ne kalmar "ya fi babu" take zama abin tsoro. Gaskiya ce a bakin ma'aikaciyar jinya da ke tsaye gaban majinyaci yau, ba ta da wani abu a hannu sai akwatin nan. A bakin mai rabon kuɗin ƙasa kuwa takan zama mafaka. Da zarar an ce ƙauye ya sami na'ura mai batir, sai a ga kamar an sauke nauyin gina ɗakin tiyata a gundumar, da horar da mai duba tsoka, da sayen na'urar gashi. "Babu" ɗin da ake kwatanta na'urar da shi ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka yanke shawarar inda asibitoci za su kasance. Masu ƙera kayan araha ba su da laifi a wannan, amma aikinsu yana iya zama mayafin laifin wasu.

Akwai kuma wani abu da ke gaban na'urar duka. Ƙaramin ciwo kaɗai take warkarwa, alhali matsalar Indiya ita ce mutane ba sa zuwa da ƙaramin ciwo. A gundumar Trivandrum ta jihar Kerala an yi wani babban gwaji wanda aka wallafa sakamakonsa a 2005. Ma'aikatan lafiya da aka ba horo suka bi gida gida suna duba bakin mutane da ido da haske kawai, wanda aka ga farin tabo ko ja, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a tura shi asibiti. A cikin masu amfani da taba ko giya, mutuwa daga ciwon dajin baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba wayar salula, ba sinadari. Mutum ne ya ce wa ɗan'uwansa, "Buɗe bakinka in gani." Ciwon dajin baki yana cikin 'yan kaɗan da ke girma a inda ido ke iya kaiwa, da fari kuma sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa mai shi yakan yi shiru. Gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, likita ya kamata ya gan shi, a Aligarh ne ko a Jos. Wanda ya fi saurin lura kuwa shi ne wanda ke cin abinci a akushi ɗaya da mutumin, ya ga ya koma tauna da gefe ɗaya, ya daina taɓa yaji.

Sauran wuyar tana bayan an kashe fitila. Ɗan ƙwadagon da aka haska wa kunci yau, bakinsa zai yi zafi 'yan kwanaki, daga nan ya warke ya koma ɗaukar bulo. Za a ce ya dawo a sāke dubawa, ya sāke dawowa, har shekaru. Kowace dawowa ladan yini guda ne da kuɗin mota, ga mutumin da ba ya jin ciwon kome, wanda kuma mai sayar da taba da areka yana nan a bakin layinsu. Hotonsa na farko da na biyu suna cikin waya a ɗakin shan magani, da kwanan wata a jikinsu. Na uku ba zai samu ba sai in wani ya rubuta sunan ƙauyensa, ya lura ranar ta wuce, ya hau keke ya je nemansa.